Ranar da Baba Luwis Ya Zauna

Duk shekarun da na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ban taɓa mantawa da ranar da Sista Rifkatu ta sauke Baba Luwis daga kan sikeli ta juyo ta kalle ni ba. A unguwar Port Richmond ne a Amurka, cikin sanyin 1993, watana biyu da fara zuwa gidansa.

Ku sababbin shiga wannan aiki kun san tsarin: kamfani ke tura mu, mu yi girki da wanki da shara, nas kuma ta riƙa leƙowa duk bayan mako biyu. Sista Rifkatu, mutuniyar Kagoro, ita ce nas ɗin da ke kaina.

"Hajara, weight ɗinsa ya sake sauka," in ji ta. "In na dawo na tarar da haka, dole in rubuta report, nursing home za a kai shi, gidan ajiye tsofaffi. Wai me kike dafa masa?"

Maganar ta yi mini ciwo. Ni da aka san hannuna a girki tun daga Zariya! Ga shi Baba ya sha faɗa mini gara ya mutu da a raba shi da gidan nan, inda yake zama bakin taga yana kallon jiragen ruwa.

Baba Luwis baƙar fatar Amurka ne, ya haura saba'in da biyar, matarsa ta rasu. Shekara ashirin ya yi a sojan ruwa. Zamanin da ya shiga, baƙin mutum ba shi da wani aiki a jirgin yaƙi sai hidimar hafsoshi: gyaran gado, gugar kaya, kai abinci tebur.

Ni kuwa yadda aka tarbiyyantar da ni nake yi masa. In ajiye faranti, in ɗan rusuna, in koma bayansa in tsaya ko zai buƙaci wani abu. Sai ya yi godiya, ya jujjuya cokali, ya ture. Washegarin zuwan Sista na fito daga wanki, sai na gan shi tsaye gaban wurin wanke-wanke yana tura busasshen burodi da sauri kamar wanda za a kama.

"Baba, abincina ne ba ya yi maka daɗi?"

"Ke kin ci?" ya tambaye ni.

Na ce ba na ci a wurin aiki. Sai ya ce shi ma bai taɓa ci ba sai mutanen tebur sun tashi. A jirgi, sai hafsoshi sun gama sannan su masu hidima su ci a tsaye a ɗan lungun da ake aje kwanuka. Ko da matarsa na raye, ita yake fara zuba wa. "Kuma ki daina tsaya mini a baya," ya ce. "Shekara ashirin na yi a bayan kujerar wani. Loma ba ta wuce mini in wani na tsaye a bayan tawa."

Ashe ladabin da nake taƙama da shi ne ke hana bawan Allah cin abinci.

To amma dokar kamfani ta hana ma'aikaciya taɓa abincin mai gida. Na buga wa Sista waya. "Doka ta ce kada ki ci nasa," in ji ta, "ba ta ce kada ki zauna ba. Ki zo da naki, zan rubuta haka a care plan, takardar tsarin kula da shi."

Da safe na hau feri, jirgin fiton da ke kai ni unguwarsu, da kwanon shinkafa da wake da yajina da nake saya a titi na 116. Na tarar ya shimfiɗa farin ƙyalle da ya goge da hannunsa, ya sa farar riga, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama. Ya ja mini kujera. Kunya kamar in nutse: tsohon da ya girmi mahaifina ya juye abincina a faranti, ya miƙo ta hagu, da na gama ya ɗauke ta dama. Shinkafa da wake da wuƙa! Da Innata ta gani da ta ce Amurka ta gama lalata ni. Amma da na tashi, ya cinye nasa tas, a tsaye.

Kwana uku muna haka. A na huɗu na ajiye cokali.

"Baba, na bi dokar jirginku kwana uku. A garinmu ba a ci babba na tsaye. Yau sai ka bi tamu."

Ya dafa kujerar da ke can ƙarshen tebur, mazaunin babba. Ya ce, "Wannan ai wurin kyaftin ne."

"To, kyaftin ya makara."

Ya yi dariya har da tari, ya ja kujerar a hankali, ya zauna. Muka ci tare, har ya ɗanɗani yajina ya rantse makamin yaƙi ne. Ni dai sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Da Sista ta dawo, sikeli ya ɗan hau. Ta rufe fayil ɗinta, sai ga Baba ya ja mata kujera ita ma. Shekara huɗu ya ƙara a gidansa, kuma a bakin tagar nan Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, aikin da mutum ya yi a ƙuruciya ba ya fita daga jikinsa don ya tsufa. In tsoho ya ture faranti, kada ku yi saurin zargin gishiri. Ku tambaye shi yadda ya saba ci, kuma ku duba inda ku kanku kuke tsaye.