Fim Ɗin Da Bai Cika Ba

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Karaye, da wuya bai ci na Saude ba, ko da bai san ta ba. 'Yar ƙauyen Kurugu ce, siririya, ba ta da yawan magana, hannuwanta duk sun yi kanta saboda matsar tunkuza. Tun da mijinta Mahmudu ya rasu take zaune a ɗaki guda cikin gidan wansa, daga turmi sai murhu, daga murhu sai turmi. Manema sun zo, ta ce a'a, har suka gaji suka bari. Ba wai daɗin gidan take ji ba, wallahi ba ta ji. Ta dai rasa yadda za ta ɗaga ƙafa ta bar ɗakin ne.

Mahmudu mai hoto ne, tun kafin kowa ya riƙe waya. Ranar kasuwa sai ya kafa labulensa mai zanen bene da jirgin sama, samari su yi ta zuwa suna karkata hula. Amma fa ba a karɓar hoto a ranar. In ka matsa masa, amsarsa ɗaya ce: "Sai fim ya cika." Idan fim ɗin cikin kyamarar ya cika sai ya kai Kano a wanke, kowa ya zo ya karɓi nasa. To ka ji mutumin da ya ɗauki rabin ƙasar Karaye da Rogo, shi kuwa ko na fasfo bai bari ba!

Sau ɗaya tak ya tsaya a gaban kyamara. Ranar sunan 'yarsu Siddiqa ne, da yamma, bayan baƙi sun watse. Ya rungumi jaririyar, ya miƙa wa Saude kyamarar, ya nuna mata inda za ta danna. Ta danna tana dariya. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Fim ɗin bai cika ba.

Saude ta naɗe kyamarar cikin rawaninsa ta sa a ƙasan kwalla. A tunaninta hoton yana nan ciki a ajiye, kamar hatsi a rumbu, ba abin da zai same shi. Ba ta yarda ta ba kowa ba, kada a kai Kano a ce mata ya ɓata. Duk jajibirin Sallah, in ta fito da kayan marigayi ta shanya, sai ta fito da kyamarar ita ma. Ta buɗe bayanta a hasken rana, ta hure ƙura, ta goge da gefen zane, ta turara ta da turaren wuta. Takan leƙa ko za ta hango shi, ba ta ganin komai sai wani ƙyalle ruwan ƙasa mai sheƙi. Sai ta ce ai ba a wanke ba ne, ta rufe ta mayar.

Shekaru suka yi ta tafiya, fuskarsa ta fara guje mata. Tana tuna muryarsa, tana tuna tarinsa, amma in ta runtse ido ta nemi hancinsa da bakinsa sai su ƙi haɗuwa. Wannan abu ya fi komai ba ta tsoro, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Da aka sa ranar auren Siddiqa da wani malamin makaranta a Rogo, yarinyar ta zauna kusa da murhu ta ce, "Inna, ni ban roƙi gado ko kujeru ba. Fuskar Babana nake so in rataya a ɗakina."

Ranar Saude ba ta iya cin tuwo ba. Washegari ta aika aka kira mata ƙaninta Ikrama, suka hau bas sai Kano.

Kai, birni ya ba su wuya! A Fagge wani yaro mai shagon hoto ya juya kyamarar sama da ƙasa yana neman inda ake zura waya. A Ƙofar Mata aka ce injin wankin fim tuni an sayar wa 'yan gwangwan. Wani ya tura su Gyaɗi-Gyaɗi, suka tarar shagon ya koma na cajin waya. Ikrama ya fara ƙunƙuni.

"Yaya, mu koma mana. Wannan zamanin ya wuce."

"In ka gaji ka koma," in ji ta, ba ta ko dube shi ba.

Wani mai gyaran agogo ne ya ce su gwada Sabon Gari, akwai wani tsohon mai hoto, Sulle, amma fa sai an ratsa ta cikin gidan giya kafin a kai wurinsa. Ikrama ya ce shi kam a'uzubillahi, ya tsaya a bakin titi. Saude, wadda ko shagon mai shayi ba ta taɓa zama ba, ta ja hijabinta ta toshe hanci, ta wuce tsakanin tebura da kwalabe, idonta a ƙasa.

Can baya, kusa da tarin akwatunan kwalba, ga wani akurki na katako da baƙin labule. Nan Sulle yake ɗaukar hoton fasfo a da, nan kuma yake kwana yanzu. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu.

"'Yata, fim ɗin ya tsufa, ruwan maganin da nake wanki da shi ma ya tsufa. In ya fito, baƙi da fari zai fito."

"Ko yaya ne, Baba, ina so."

Ya shige ya ja labule. Ta zauna a kan wani akwati, kiɗa na dukan kunnenta, ba halin tashi, ba halin leƙawa. Ta yi salati har bakinta ya bushe.

Da ya fito, fim ɗin na rataye a hannunsa yana ɗiga. Ya ɗaga shi ya nuna mata. Can farkonsa akwai 'yan siffofi dishi-dishi. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kuwa baƙi ƙirin, ba komai.

"Na farkon sun tsira, don sun naɗe a can ciki," in ji shi. "Na ƙarshen haske ya cinye su. Wani ya taɓa buɗe bayanta ne?"

"Haske?"

"Ko na ƙiftawar ido ne, ya isa."

Saude ta ƙura wa baƙin fim ɗin ido. Duk Sallolin nan suka dawo mata, da rana tsaka, da turaren wuta, da gefen zanenta. Ba ta yi kuka a gidan giya ba, sai da bas ta bar gari.

Sulle ya buga mata waɗanda suka tsira. Baƙin fuskoki ne duka, mutanen kasuwa: wani da sabon kekensa, wasu 'yan mata biyu da laima, wani dattijo riƙe da rago.

Siddiqa ta tare ta tun daga zaure, ta baje hotunan a kan tabarma, tana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Inna, wanne ne?"

Saude ta dubi mai keken. Dogo ne, siriri, da ta ce shi ne ba mai ƙaryata ta, har ita kanta sai da ta ɗan yi shakka. Wannan shakkar ce ta ƙarasa karya mata zuciya. Ta ture shi gefe, ta jawo na dattijo mai rago. A ƙasan hoton, kan turɓaya, wata doguwar inuwa ta miƙe har gaban ƙafafun ragon, gwiwoyin hannu a buɗe, hula a karkace.

Ta ɗora yatsanta mai kanta a wurin.

"Ga shi nan. Shi ne yake tsaye yana ɗauka."