Tasar Jimrau da tsakiyar Habi

Kun taɓa shan hura a tasar ƙarhe mai tsatsa? To abin da ya hana Jimrau sukuni ke nan, wani maƙeri na Kornaka, tun Turawa ba su zo ba. Tasar tagulla sai masu hali, shi ko tashi ta ƙarhe damina ɗaya ta yi ja, mata su maido mashi suna tsaki.

Wata rana tsakiya guda, dutsen wuyan nan, ta tsinke daga wuyan wata mai sayen lauje ta auka wuta, ta narke bisa ƙarhe. Damina ta wuce, wurin bai yi tsatsa ba! Shike nan Jimrau ya kamu. Matarshi Habi tana da tsakiya shuɗiya zare guda, ita kaɗai uwarta ta bar mata da ta rasu. Ranar da ta tahi rijiya ya zare ukku, wai ukku ba a ganewa. Ya niƙa, ya kwaɓa da ƙaro, ya shahe tasa, ya zuga wuta. Ta yi kyau wallahi! Sai hannu ya yi abin da ya saba, ya tsoma ta ruwa kamar hauya. Tsas! Duk shuɗin ya ɓare. Ya koma ya zare biyar. Ya koma. Sai da zare ya zama wayam kana ya gane cikin toka ake barinta ta huce.

Ya kawo tasa gida tana walƙiya. Habi ta duba ta duba.

"Maigida, wanga shuɗi na Inna ne."

"Habi, zan maida maki..."

"Da me? Da gawayi?"

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Shekaru shina narka rairayi da kanwa don ya yi mata tsakiya, ba ta taɓa yiwuwa ba, sai wani kore-kore da ya riƙa shahe tasoshi da shi, matan Ɗan Gulbi har Azagor suna saye da ɗan hatsi. Amma kullum da rana cikin shuɗiyar nan Habi ke dama mashi hura, ta aje gabanshi ta zamna. Shina sha shina ganin shuɗin gindin tasar na hitowa, har ya mutu bai iya shanyewa.

Don Allah wanda ya karanta ya tura ma wani, musamman masu taɓa kayan matansu.