Zagin Inna Merle

Duk wanda ya yi askin tumaki a yammacin Queensland ya ci girkin Merle Dunstan. Tun tana budurwa take bin ayarin masu aski daga gona zuwa gona, da tukwanenta da bakinta, kuma bakin ya fi tukwanen zafi. Wani mai jan gashi, Shuɗi take kiransa. Dattijo Col, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, shi ne Guntu.

Ranar da aka gama askin kowace gona, bayan an ci naman rago da dankali, sai ta hau akwati ta yi wa kowa waƙa, baiti ɗaya tak. Wanda take so, zagi ne rabonsa. Wani shugaban aiki mai cutar mutane ta taɓa kiransa "mutumin kirki" a waƙa, kowa ya gane nufinta, shi kuwa bai sake dawowa ba.

Tavita, ɗan Samoa mai danne ulu a buhu, bai san haka ba da farko. Ranar da ya ji ta ce almakashi ya fi ƙarfin Guntu, har miƙewa ya yi zai rama wa dattijon.

"Zauna, kai," in ji Guntu. "Shekara nawa na yi ina jiran wannan?"

To, tun daga nan abin ya tsaya wa Tavita a rai. Shekaru suka wuce, Merle ba ta zage shi ba, ba ta yabe shi ba, tsallake shi take yi. Amma ita ce ta ɗaure masa hannu da injin danne ulu ya yanke shi, ita ke ɓoye masa ƙarin nama, ita ta koya masa gasa burodi. Duk da haka, in ta hau akwatin nan, sai ya ji shi baƙo ne har yanzu.

Bana gwiwa ta ci ƙarfinta, ta ce ta gama. A zaune ta yi waƙar ƙarshe. Ta wanke Shuɗi tas, ta wanke Guntu, sannan ta ɗauki kofin shayinta kamar ta ƙare. Tavita ya sunkuyar da kai. Sai ta ajiye kofin.

"Tavita malalaci, ya ƙarar min da tukunya,
Ya zo bai iya komai ba, har yau ba ya jin kunya."

Aka bushe da dariya, ana dukan tebur. Shi kam daɗi ya hana shi dariya. Ƙaton mutum, hawaye na zuba, ya je ya durƙusa gaban kujerarta. Godiya ta cika masa baki, amma ya daɗe a cikinsu, ya san yadda ake yinta.

"Inna," ya ce, "wallahi girkinki bai taɓa yin daɗi ba."

Ta goge ido da bayan hannu. "Tashi ka wanke kwanuka, mara amfani."