Warin Kifin Yunana

Kafanchan

Tun duhun asuba Baba ya rako ni tashar jirgin ƙasa, yana dogara sanda. Kwas ɗin malamai aka tura ni Kenya, amma shi ba kwas ne a ransa ba. An yi shekaru abokinsa Bobai, tsohon maharbi, yana yi masa dariya a gaban mutane kan kifin da ya haɗiye annabi Yunana, wai dattijon coci guda ya zauna yana yarda da tatsuniya. Abin yana cin ran Baba ƙwarai.

"Bulus," in ji shi, "in ka kai babban ruwa, ka duba mini kifin nan. Kada na mutu Bobai yana dariya."

Mombasa zuwa Malindi

Jirgin ƙasa ya kai ni Ikko, na sama ya sauke ni Nairobi. Sai da kwas ya ƙare na samu rana guda tawa, na bi jirgin ƙasa na dare zuwa Mombasa, na shiga bas mai bin gaɓar teku. Kwakwa ko'ina, birai suna tsallake titi ba ruwansu da kowa. A Kilifi aka ɗora bas ɗinmu sukutum a kan jirgin fito. Ni ɗan dutse da ban saba da ruwa ba na ƙanƙame kujera, kwandasta ya yi ta ƙyalƙyala dariya.

A Malindi na ci shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, na nemo wani tsohon masunci, Atumani, mai ɗan jin Turanci. Na roƙe shi ya kai ni in ga manyan kifayen teku.

"Lokacinsu ne," ya ce, "amma ban yi maka alkawari ba."

Kan ruwa

Muka shiga jirginsa, muka wuce kunkurun teku da ya fi faifai faɗi, da tsuntsaye farare masu faɗawa ruwa da ka. Ni dai shinkafar nan ma sai da na amayar da ita. Rana ta karkata, ba kifi ba alamarsa. Na fara shirya abin da zan gaya wa Baba, raina ya ɓaci.

Sai Atumani ya sauke filafilan jirgin, ya ɗaga hannu. Ruwa ya tsage kusa da mu, wani baƙin baya ya taso, ya yi ta tasowa, tsawonsa ya fi motar da ke ɗaukar citta a Kachia. Ya yi huci, feshin ya sauko mana a fuska. Wari! Kamar an haɗa ruɓaɓɓen kifi da tsohuwar daddawa. Na danna kyamara, ina kuka ina dariya, ina cewa na gode Yesu.

Gida

Da aka wanke hoton, ruwa ne kawai da gefen babban yatsana. Haka na dawo Kafanchan da kunya, gida cike da 'yan taya murna, Bobai yana zaune a kan turmi.

"Maharbi yana kawo wutsiya," ya ce. "Ina taka?"

Na ce babu. Na kwatanta tsawon, daga rumbu har bakin zaure. Ya taɓe baki. Baba ya sunkuyar da kai.

"To, yaya numfashinsa?" in ji Bobai.

Na gaya masa warin, har na toshe hanci ban sani ba. Bobai ya daɗe yana kallona.

"Mai ƙarya girma yake faɗa," ya ce. "Sau ɗaya na kusanci giwa, warin nake tunawa har yau. Yaron nan ya je kusa." Ya juya wurin Baba. "Aboki, kifinka yana nan. Maganar haɗiye mutum, za mu ci gaba gobe."

Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa Atumani, wanda bai yi alkawari ba amma ya cika.