Irin Geron da Inna Ta Bari

'Yan uwa, yau saura ƙiris in daka gonarmu ta bana a turmi!

Marigayiya Inna ta bar min irin gero a tulu, na ɗauko shi daga Kalgo zuwa gidan aurena a Gwandu. Da damina ta matso, na tsinci ƙwaya biyar a bakin tulun, na binne a tsingaro, ina yayyafa ruwa. Ko ɗaya bai tsiro ba!

Maigidana ya ce, "Iri ya mutu, rumbu kuma wayam. Daka mana mu sha fura."

Da hantsi na ɗauko tulun ina hawaye. Sai Baba, surukina, ya daka min tsawa: "Dakata, ɗiyata! Ƙwaya nawa kika gwada?"

"Biyar, Baba."

"Daga ina?"

"Daga sama."

"Shaidu biyar, kuma 'yan gida ɗaya, su ne za su yanke wa gari hukunci?"

Ya ja ni bayan rumbu. Ashe ranar da na yi gwajina, shi ma ya zura hannu ya ɗebo daga sama, tsakiya da gindin tulun, ya shuka a tsohon kasko. Ga shi ya tsiro, kore shar!

Na ce, "Baba, duka zai fito ke nan?"

"Ban ce ba. Wataƙila rabi, wataƙila fiye. Amma bai mutu ba. Sai mu cika hannu a kowane rami."

Na durƙusa ina shafa ganyen, ina yi wa Inna addu'a.

Yau ba fura, kwaɗon tafasa za mu ci. Ga maigida can yana wasa sungumi!