Wayar Ce Ta Mutu, Ba Ni Ba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kaduna, mu shida a ƙaramar mota ban da direba, za mu Birnin Gwari. Jama'a, yau ban kawo muku hotuna ba kamar yadda na saba in na yi tafiya. Wayar da zan ɗauka da ita ta ƙone, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu, sai ku yi haƙuri da ni.

Inna na je dubawa, mahaifiyata. Hawan jini ya daɗe yana damunta, likita ya ja mana kunne kada a bari hankalinta ya tashi, ko rasuwar maƙwabta sai mun lallaɓa muke gaya mata. To amma wa zai hana uwa fargaba alhali 'yarta na kan hanyar Birnin Gwari? An ce hanya ta yi sauƙi yanzu, kuma gaskiya ta yi, alhamdu lillahi, sai dai tsoron shekarun baya bai bar zukatan mutanenmu ba. Shi ya sa muke da al'ada, kamar yawancin gidajen garin: matafiyi ya kira in ya bar tasha, ya kira a Buruku, ya kira a Udawa, daga nan a yi ta addu'a har a ji sallamarsa. Inna kan ɗora waya a cinya tun safe, ko koko ba ta sha sai an iso.

Unguwarmu ta kwana biyu ba wuta, don haka na iso tasha da wayata tana ja. Ina cikin tunanin yadda zan yi sai ga wani magidanci da allo a rataye a wuya, igiyoyi na reto ta ko'ina. Ya ɗora mini wata cajar mota mai baki uku a tafin hannu.

"Hajiya, ji nauyi. Orijina ce. Jabu ba ta nauyi."

Ya faɗi kuɗi, na raba biyu don in ga gudun ruwansa, ya ce sallama tun kafin in rufe baki. Kuɗin bai kai na shayi da burodin da direbanmu ya sha ba. Direban ya karɓa da murna ya cusa ta a ramin caja, ya ce dama tasa ta ɓata. Na jona wayata a baki ɗaya, ya jona tasa a na biyu, wani dattijo da ke gaba ya miƙo ɗan rediyonsa mai caji aka jona a na uku. Kowa ya sa mini albarka kamar na gina rijiya.

Mun wuce Mando gari na wayewa. Ƙarshen damina ne, masara ta nuna, dawa ta yi kai, ko'ina kore shar. Titin kuwa, wani wurin kwalta sumul, wani wurin ramuka cike da ruwa, direba na kewaye su yana salati, mu a baya muna gwara kai. Kusa da ni wata mata ce 'yar Gbagyi mai fara'a, ta kai doya Kaduna ta sayar tana komawa gida. Ita ta riƙa nuna mini gonakin da aka daɗe ba a noma ba, bana an koma. Motocinmu huɗu ne ko biyar a jere, kamar yadda aka saba, kowa na ganin bayan ɗan'uwansa.

A Buruku muka tsaya. Gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa, ga matan Fulani da ƙwaryar nono. Masarar ta fi ta Kaduna araha nesa ba kusa ba, amma ruwan leda ya fi tsada, kuma da ɗumi. Na kira Inna. Ta ce, "Kun iso ina?" Na ce Buruku. Ta ce Allah ya tsare, ta dafa mini dambu. Da na koma mota na taɓa cajar sai na ji ta yi zafi rau, na gaya wa direba. Ya ce, "Haka suke, Hajiya, alamar tana aiki ke nan." Wallahi duk wanda ya ƙara gaya muku haka ku ce na ce ƙarya ne. A Udawa na sake kira, murya na yankewa, amma ta ji ni.

Mun bar Udawa mun nutsa cikin dajin nan da hira ke mutuwa da kanta, sai motar ta faɗa wani rami ta mutu. Direba ya murza makulli. Sai ji muka yi fat! Wari ya tashi kamar an ƙona leda, hayaƙi na fitowa ta ƙasan sitiyari. Na fizge wayata, ta ƙona mini yatsu, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Ta direba bayanta ya kumbura kamar fanke. Rediyon dattijo ya yi shiru ana tsakiyar labarai, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Ikon Allah." Robar cajar ta narke ta manne a ramin. Mota kuwa ta ce ba ta san zancen tashi ba.

Sauran motocin suka wuce. Ban ga laifinsu ba, a wannan wurin ko ni ce ba zan tsaya ba. Muka fito muka tsaya a gefen titi, ba gida gaba ba gida baya, kowa na satar kallon daji yana yi kamar ba ya kallo. Direba ya shige ƙasan sitiyari yana zaro wayoyin da suka narke, a nan ne ma ya amsa da bakinsa cewa fis ɗin wurin ya daɗe da ƙonewa, zaren waya ya naɗa a madadinsa. Ka ji fa! Abin da aka sa don ya tsinke ya ceci mota, shi ya ɗaure tamau.

Ni duk tsoron dajin bai kai mini tunanin Inna ba. Rana tana ɗagawa, lokacin isowarmu yana wucewa. Matar nan 'yar Gbagyi tana da ƙaramar waya mai tocila, ta ce in kira gida. Na buɗe baki, babu lamba ko ɗaya a kaina, duk suna cikin wadda ta ƙone. Da na kwatanta mata shagon ƙanina a kasuwa, inda yake sayar da hatsi, sai ta ce ai mijinta ya san shi. Ta hau wani tudun ƙasa tana ɗaga wayar sama har ta samu layi, ina tsaye ina jin ta tana gaya wa mijin: "Ka je wurin mai hatsi, ka ce yayarsa, wayarta ta mutu a hanya. Muna nan zuwa." Ta maimaita, layin ya yanke. Na yi mata godiya har da riƙe hannu, na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Sai bayan azahar motar ta tashi. Muka lallaɓa har gari, na sauka na hau babur da jakar magungunan Inna.

Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zazzaune. Na ce shi ke nan, Inna ta tafi. Ina saukowa wani maƙwabcinmu ya miƙe zumbur har hularsa na faɗuwa, wata mata da ke fitowa daga zaure ta ƙwalla ƙara ta koma ciki da gudu. Ƙanina ya fito idonsa jawur, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaya? Ke ce?" Na ce to da wace ce? Wa ya rasu?

Ashe ni ce.

Layin nan da ke yankewa ya haɗiye kalma ɗaya tak. Abin da mijin matar ya ji shi ne, "yayarsa, ta mutu a hanya." Bawan Allah ya bar abin da yake yi ya ruga kasuwa. Ƙanina ya kira wayata, a kashe. Ya je tasha ya karɓi lambar direba, a kashe. Direbobin da muka taso tare suka ce tabbas sun bar motar a daji tana hayaƙi. A wannan hanyar, wa zai tsaya neman ƙarin bayani? Ƙanina ya so ya ɓoye wa Inna, amma kafin ya iso gida labari ya riga shi, mata sun shiga da salati. Inna ta miƙe daga kan tabarma, ta faɗi. An kai ta asibiti tun kafin azahar.

Can na same ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce, ga ni lafiya lau, wayar ce ta mutu." Ta ɗaga hannun hagu ta shafa fuskata, hawaye na gangarowa ta gefe ɗaya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Matar 'yar Gbagyi da mijinta sun zo har asibiti da doya, mijin ya kasa ɗaga kai. Na ce masa ba shi da laifi, zumunci ya yi, kuma har zuciyata haka nake gani.

Da na samu sarari na kai wayar wurin mai gyara a kasuwa, tare da gawar cajar da direba ya ɓamɓaro. Ya ce wayar ta tafi, injinta ya soye. Wutar mota ta fi ƙarfin waya sosai, aikin caja shi ne ta rage ta, kuma lokacin tayar da mota wutar kan yi tsalle. Ya fasa robar a gabana. Jama'a, kun san abin da ke ciki? 'Yan wayoyi sirara kamar zaren ɗinki, da guntun ƙarfe an manna shi da gam, ba ya haɗe da komai. Don nauyi kawai aka sa shi. Wato wani ya zauna, da hankalinsa, ya san mun ce jabu ba ta nauyi, ya nemo ƙarfe ya liƙa mana. Wani ya yi odarta buhu-buhu, wani ya bari ta shigo ƙasa, wani ya rataya a wuya yana rantsuwa. Duk cikinsu babu wanda ya san Inna, babu kuma wanda zai zo ya ɗaga ta in za ta yi alwala. Allah ya isa, na faɗa a shagon, ina kuma maimaitawa a nan.

Na zauna har aka sallame ta, maganarta ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, sannan aiki ya tilasta mini komawa. Dawowar lafiya lau, ba abin da ya faru, sai dai ban iya cin masarar Buruku ba. A tashar Kaduna masu allon nan suna nan birjik. Ban ga wanda ya sayar mini ba, ko na gan shi ma me zan ce masa da zai gyara wani abu?

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, ku ɗauka kyauta, ni da tsada na saya. Kada ku sayi caja a hannun wanda ba za ku same shi gobe ba, ku je shagon da za ku iya mayarwa. In caja ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ta fara wari, ku zare ta nan take. Ku cire waya kafin a tayar da mota. Kada mota guda ta jona duk wayoyinta a rami ɗaya, a bar ko ɗaya a gefe. Direbobi, ku ji tsoron Allah ku sa fis na gaskiya. Ku haddace lambar mutum ɗaya a gida. Sannan in kuna aika saƙo daga hanya irin tamu, ku fara da "lafiya lau muke", kuma don Allah ku ce caji ya ƙare, ko waya ta lalace. Kada ku ce ta mutu.

Inna tana samun sauƙi, tana zama da kanta, tana cin tuwo da hagu. Abu ɗaya ne ya ƙi sakin ta. Ni na yi jinyarta, ni na yi mata wanka, ta kira sunana, ta sa mini albarka. Amma in ta yi barci ta farka, kanta yakan koma ranar nan. Ɗazu da safe na kira ƙanina in ji yadda ta kwana, ya ce ta sake tambayarsa ko an samu waɗanda za su shiga daji su ɗauko gawata.