Sunan 'Yar Fari

A gidanmu na ƙauye, can gabas da Maradi, ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar tuwo ce. Idan an sauke tukunya sai Kaka ta hana a kashe, ta ƙara kara biyu, ta miƙe ƙafarta mai ciwo wajen ɗumi. Mu kuma mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙamshin miyar kuka. Ba ta farawa sai kowa ya yi tsit.

"To, ga ta ta iso," haka take cewa. "Mai jin barci ya tashi tun yanzu, ni ba ni maimaici."

Akwai wata tatsuniya da ba na so, amma ita ce ta zauna mini a kai. Wata mata ce ta kama hanya da ɗanta na fari, za ta ganin dangi. Suka ratsa wani gari ranar bikinsu. Mutanen garin, sau ɗaya a shekara, sukan shafe jikinsu da jar ƙasa da shuni da toka, har ba a gane sarki, ba a gane talaka. Yaron ya ga yara na rawa, ya zare hannunsa. Kafin ta waiga an shafe shi, ya zama kamar kowa. Ta san da za ta kira sunansa zai amsa. To amma ɗan fari ne, uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle a gaban jama'a. Sai ta dinga cewa, "Kai! Kai yaro!" Yara suna waigowa, babu nata. Har rana ta faɗi, ta koma gida ita kaɗai.

Yayata ta taɓa tambaya, "Kaka, mi ya hana ta kira shi?"

"Ji marar kunya! Ɗiyar mutunci ce shi ya sa. Ku dai ku riƙe zanen uwayenku a kasuwa."

Daga nan sai ta watsa wutar da sandarta. Sauran ranaku takan bar mu mu yi ta surutu, amma ban da ranar wannan.

Da wannan tarbiyya aka kawo ni Lyon ta ƙasar Faransa bayan aure, a nan na haifi 'yata ta fari. Babanta ya yi boko, yana kiran sunanta yana yi mini dariya. Madam ɗin lakwal, wato malamar makarantarsu, na kira, maƙwabta na kira. Ni kuwa "ke" nake ce mata, ko "'yar nan". A ganina so ne nake ɓoyewa, yadda aka ɓoye wa kowa a gidanmu.

Tana da shekara shida, sanyi ya fara wucewa, muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris wajen Yaya Balki, yayar mijina da ke Saint-Denis. Ta kai mu kasuwar Château Rouge na sayi daddawa da busasshiyar kuɓewa. Muna dawowa a ƙafa sai muka ji kiɗa ya cika wani layi. Yaya ta ce 'yan Indiya ne ke bikin fitar sanyi. Suna ɗibar wani gari mai launi suna watsa wa juna, ja, kore, rawaya, har iska ta yi duhu. Tsofaffi na dariya kamar yara. Wani saurayi ya shafa wa ɗan sanda a kumatu, shi ma ya yi murmushi.

"Ja mayafinki," in ji Yaya. "Wannan abin ba ya fita a wanki."

Hannu ɗaya na riƙe da leda. Ɗayan na riƙe da 'yata, na sake ta don in ja mayafin.

Da na duba ƙasa babu ita. Yara ko'ina, kuma duk iri ɗaya: ɗan Bature, ɗan Indiya, ɗan baƙar fata, kowa ya rine. Ko kitson da na yi mata da hannuna ban iya ganewa ba. Na ji bakina yana cewa, "Ke! Ke!"

Yaya ta girgiza ni. "Kira sunanta mana! Nan Faransa ce, wa zai yi miki gori?"

Wallahi harshena nauyi ya yi, kamar an ce in tuɓe a titi. Sai na rufe ido na ƙwala, "Rakiya!" Na sake, na sake, har muryata ta dushe. Ba ta amsa ba.

Wata tsohuwa 'yar Indiya ce ta kawo ta, furfurarta ta koma kore, tana riƙe da hannunta. Ashe a bakin wani kanti take tsaye, kusa da mu ƙwarai. A cikin jirgin metro ina goge wa 'yar fuska na ce, "Ba ki ji ina kira ba?"

"Na ji, Maman. Na zaci wata ce. Ke ai kin manta sunana."

Yaya ta yi dariya har da tafi. Ni na juya fuska wajen gilashi.

Tun ranar nake tunanin Kaka. Ɗanta na fari ya tafi ci-rani Libiya tun ba a haife ni ba, bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Har ta rasu ban ji sunansa a bakinta ba, ko a cikin addu'a. Da ina yarinya na ɗauka mu take ja wa kunne. Yanzu ina ganin ita kanta ba ta yarda da amsar da ta ba yayata ba, sai dai ba ta da wata.

Ni ban yi boko ba, ban san ko kunyarmu ce kuskure, ko ƙasar ce ba ta ɗaukarta. Abin da na iya shi ne, kullum idan na je ɗaukarta a ƙofar lakwal sai na kira ta da suna. Har yau da ƙyar yake fita. Ita ma har yau sai ta fara duba sauran matan, sannan ta dube ni.